Ƙashin Inna Bilki

Williamsville, Adjamé, Abidjan
Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Laila,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, yaya aiki, yaya zaman ƙauye? Yaya kika baro mahaifiyarki Iya Halima, ƙanwar Innata, a Zinder? Mu nan duk lafiya lau, maigidana Mika'ilu yana gaishe ki. Tunda kin ce a asibitin da aka tura ki babu rezo, waya ba ta kamawa sai kin fito gari ranar kasuwa, na ga gara in zauna in rubuta miki komai a wasiƙa ɗaya, duk ranar da ta shiga wayarki ki karanta a natse.

Kada hankalinki ya tashi, amma Inna ta ɗan ji ciwo. Ruwan sama aka yi da safe, ta fito za ta ɗebi ruwa a famfon tsakar gida, takalminta ya zame. Ba ma faɗuwa ta yi sosai ba, zama kawai ta yi a ƙasa ta dafa da hannun dama. Ina cikin ɗaki na ji ta ce, "Rakiya, zo ki ga wani abu." Da na fito na tarar wuyan hannun ya karkace.

Ita cewa ta yi a kai ta wurin mai ɗori a unguwar Bracodi. Mika'ilu ya ƙi, ya tare woro-woro, motar hayar nan, muka tafi asibiti. Sun yi hoto sun ce karaya ce, sun sa filasta. Yanzu tana zaune a gida tana faɗa da kowa, saboda rumfar atamfarta a kasuwar Treichville tana rufe, ga biki ya matso. Kin san Inna, ke da ta riƙe ki tun kina firamare. Jiya da hannun hagu ta ƙwace min muciya wai tuwona ya yi ruwa.

Shi ke nan labarin. Ki yi mata addu'a kawai, ƙashi ne, zai haɗe.

Taki,
Yaya Rakiya

*

Daga ƙauye, arewa da Zinder
Ranar Alhamis

Yaya Rakiya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, alhamdu lillahi, Umma ma lafiya take, mun yi waya yau da na fito gari. Ki gaishe min da Yaya Mika'ilu. Ki ce wa Inna sannu, Allah ya ba ta lafiya.

Kin ce kada hankalina ya tashi, to ya tashi. Yaya, mutum mai ƙashi lafiyayye ba ya karyewa don ya zauna a ƙasa ya dafa hannu. Idan mace ta daina al'ada, ƙashinta yana fara raguwa a hankali, cikinsa ya zama kamar soso, daga waje kuma ba a ganin komai, ba ya ciwo, ba ya kumburi. Sau da yawa karaya irin wannan ita ce alamar farko. Hannu zai haɗe, ba shi nake tsoro ba. Ƙugu nake tsoro. Tsohuwar da ta karye a ƙugu, da yawa ba sa sake tashi yadda suke.

Akwai awon da ake yi wa mata masu shekarun Inna don a san ƙarfin ƙashinsu tun kafin a kai ga haka. Ba allura, ba yanka. Za ta kwanta a kan gado da kayanta, na'ura ta bi ta kan ƙugunta da bayanta, ta tashi. Mu nan ba mu da ita, amma a Abidjan akwai. Ki koma wurin likitan da ya sa filastar ki ce ya rubuta muku takardar awon ƙarfin ƙashi.

Kafin nan ki tambayar min ita waɗannan abubuwa, ki yi dabara yadda ba za ta ji haushi ba. Tun yaushe al'adarta ta ɗauke? Tana ciwon baya? Kin lura ko ta rage tsawo, ko ta fara ranƙwafawa? A iyayensu akwai wanda ya taɓa karyewa a ƙugu? Sannan akwai wani magani da take sha kullum, ko na asibiti ko na kasuwa? Wannan ta ƙarshen kada ki tsallake ta.

Kuma don Allah kada ta sake fita tsakar gida in ƙasa ta jiƙe.

Ƙanwarki,
Laila

*

Williamsville
Ranar Talata

Laila,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, hannu yana sauƙi, kumburin yatsun ya sauka.

Kin jefa ni cikin aiki. Na jira ta idar da sallar la'asar, na kai mata shayi, na zauna kusa da ita na fara. Da na zo kan maganar al'ada ta ajiye kofin ta dube ni.

"Ke Rakiya, yaushe muka fara irin wannan hirar da ke?"

Na ce, "Laila ce ta ce in tambaya."

"Lailar da na yi wa wanka? Ki ce mata ta tambayi uwarta."

Amma daga baya, tana kallon bango, ta ce tun kafin a haifi ɗana na fari abin ya ɗauke. Laila, ke nan ba ta fi shekara arba'in da 'yan kai ba a lokacin. Ban taɓa sani ba.

Sauran ba sai na tambaye ta ba, da idona na gani, kawai ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba sai da na karanta wasiƙarki. Tun bara take yin ruku'u tana dafa bango. A da tsawonmu ɗaya da ita, yanzu ina ganin tsakiyar ɗankwalinta. Zannuwanta ma ta fara naɗe su sau biyu a ƙugu don kada su ja ƙasa. Maganar iyaye kuwa, ta ce kakarmu ta faɗi a bakin rijiya, daga nan ba ta ƙara takawa ba har Allah ya karɓi abinsa. Ta ce su a lokacin cewa aka yi iska ce ta buge ta.

Awon kuma ta ce ba za ta je ba. Wata ƙawarta 'yar ƙabilar Jula da ke rumfar kusa da tata an saka ta cikin wata na'ura a asibiti, aka ce sankara ce, ba ta yi wata uku ba. Na ce mata ba iri ɗaya ba ne. Ta ce, "Duk na'urar da aka kwantar da mutum a ƙarƙashinta, sai ta samo masa abin da zai kashe shi. Ni lafiyata ƙalau, dubi fuskata." Kuma gaskiya fuskarta a cike take, a kasuwa har cewa suke Hajiya Bilki ba ta tsufa.

Magani, da farko ta ce babu. Ina gyara mata gado na ga wata leda a ƙarƙashin matashi, cike da wasu ƙananan ƙwayoyi farare. Ta ce na gwiwa ne, wata mai tallan magani a tire ce take kawo mata rumfa. Kullum da safe take sha, ta ce ta fi shekara biyar tana sha, in ba su ba da ba ta iya hawa matakalar kasuwa. Ga hoton fakitin nan na turo miki. Ki duba ki faɗa min.

Taki,
Rakiya

*

Ranar Alhamis

Yaya Rakiya,

Salamu alaikum, ina fata kuna lafiya. Ina rubutu ne a tsaye a tasha, motar ƙauye ta kusa cika.

Na ga hoton. Yaya, wannan ba maganin gwiwa ba ne na yau da kullum. Irin maganin nan ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa na ɗan lokaci yana sa ido. Yana kashe ciwo, shi ya sa take jin daɗinsa, amma idan aka daɗe ana sha shi ne babban mai cinye ƙashi. Cikar fuskar da ake yaba mata ma ba lafiya ba ce, aikinsa ne. Yana iya ta da sukari da hawan jini. Shekara biyar! Dole ne Inna ta rabu da waɗannan ƙwayoyin, wannan babu wani zance a ciki.

*

Williamsville
Ranar Litinin

Laila,

Sallama. Ina fata kin isa lafiya. Saƙonki ya zo ko sallama ba ki yi a ƙarshe ba, na san sauri kike yi.

Na yi yadda kika ce. A daren da na karanta ban yi barci ba, da gari ya waye tana banɗaki na ɗauke ledar na juye ta a kwata, na bi da ruwa. Ta yi faɗa kamar za ta cinye ni, ta ce in bar mata ɗakinta. Na ce ta yi ta faɗa, gara ta yi fushi da ni tana tafiya da ƙafarta. Na kuma ja wa yaran gidan kunne kada wanda ta aika ya sayo mata.

Amma Laila, tun shekaranjiya ba na gane mata. Ba ta cin abinci. Ta ce duk gaɓoɓinta ciwo suke, in ta miƙe sai jiri. Yau da safe ta yi amai sau biyu. Faɗan ma ta daina, wannan ya fi komai ba ni tsoro. Mika'ilu ya ce zazzaɓin sauro ne, ya sayo magani, ba ta iya riƙe shi a ciki ba. Ni kuma ina ganin kamar jikinta ne ke neman ƙwayoyin, irin yadda mai taba ke yi in ya daina, zai wuce.

Zai wuce ko? Na kira ki ya fi a ƙirga, wayarki ba ta shiga. Ki amsa min da zarar kin gani.

Rakiya

*

Asibiti, Treichville
Ranar Juma'a

Laila,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Inna tana da rai. Wannan shi ne labarin lafiyarmu.

Ranar Talata da hantsi na shiga kai mata kunu na tarar da ita a ƙasa tsakanin gado da bango. Idonta biyu amma ba ta san ni ba, jikinta sanyi ƙalau, gumi yana zuba. Na yi ihu, matan gidan suka shigo. Mika'ilu ya ɗauke ta a hannu, ni kuma ina bin sa ina cewa ya yi a hankali da ƙugunta, maganarki ce kawai ke yawo a kaina. Muka samu tasi. A kan gada motoci suka tsaya cik, direban yana ta danna oda yana ce min "yako, madam, yako," wato sannu, ni kuwa na sa yatsa a wuyanta ina neman inda ke bugawa.

A asibiti suka auna suka ce jininta ya sauka ƙwarai. Suka sa mata ruwa, bai tashi ba. Wata likita, mace, ta ja ni gefe ta ce wane magani take sha. Na ce babu, na zubar. Ta ce me na zubar? Na buɗe waya na nuna mata hoton da na tura miki. Ta kalli hoton, ta kalle ni.

"Tun yaushe take sha?"

"Shekara biyar."

"Kuma rana ɗaya kuka tsayar? Wa ya ce ku yi haka?"

Na ce, "Ƙanwata. Likita ce."

Ta juya da gudu ta sa aka kawo wata allura. Daga baya ta yi min bayani cewa wanda ya daɗe yana shan maganin nan, jikinsa yana daina yin wani abu da kansa, ya dogara da ƙwayar. In aka yanke masa kwatsam yana iya mutuwa. Ta ce da mun ƙara yini ɗaya a gida, da wani zancen ake yi.

Jiya Alhamis ina zaune a kan benci a bakin ɗakin, wayata ta yi ƙara. Ragowar wasiƙarki ce ta makon jiya, sai yanzu ta shigo. Bari in mayar miki da ita ki ga abin da na karanta: "Amma ki ji ni da kyau, Yaya, kada ki karɓe mata su, kada ta daina ko na rana ɗaya. Yankewa kwatsam ya fi shan haɗari. Ki ɗauki fakitin ku je wurin likita, shi zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan. Mota za ta tashi, sai na sake fitowa."

Laila, ke ce kika yi karatun. Kin san wace magana ce mai kisa a cikin biyun, kika sa ta a ƙarshe. Kin san inda kike babu rezo, kika raba saƙon biyu, kika hau mota ba ki duba ko ya tafi ba. Ni 'yar kasuwa ce, robobi nake sayarwa a Adjamé. An ce min dole ta rabu da su, babu wani zance, na raba ta da su. Saura kaɗan in binne uwata a kan maganarki.

Ba ni da abin da zan ƙara.

Rakiya

*

Zinder
Ranar Asabar

Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da Allah ya tashi kafaɗarta.

Wannan Alhamis ɗin aiki ya hana ni fitowa gari. Wata mata da aka kawo mana haihuwa ta zo da matsala, na rako ta babban asibiti yau, shi ne saƙonninki biyu suka shigo tare. Na karanta na Litinin ina tsaye a bakin ƙofa, sai da na zauna a ƙasa kafin in iya buɗe na biyun.

Duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Da gargaɗin ya kamata in fara. Na ga alamar saƙon farko ya tafi, na ɗauka na biyun ma ya bi shi, na sa wayar a jaka. Ba ni da hujja.

Na rubuta takardar neman izini. Shugabanmu ya ce in na bar wurin yanzu babu wanda zai maye gurbina, kuma sai na sake shekarar aikin ƙauyen daga farko. Na ce na ji. Ranar Laraba akwai motar Niamey, daga can zan nemi ta Abidjan. Ba sai kin yi min magana ba in na zo. Ina so in ga Inna da idona kawai.

Ki roƙi likitar nan kada a sallame ta ba a yi awon ƙashin ba. Ki yi haƙuri da na sake kawo maganar.

Laila

*

Williamsville
Ranar Talata

Laila 'yata,

Ni ce innarki Bilki. Rakiya ce ke rubutawa, ni nake faɗa, kuma na ce mata in ta rage ko kalma ɗaya zan sa a karanta min in gane. Ina gaishe ki, ina gaida aikinki. Jiya aka sallamo mu. Ina cin abinci, ina zuwa banɗaki da ƙafata.

An ce wai gobe za ki hau mota. Ba da yawuna ba. Ban goya ki na kai ki makaranta ina tsallaka kwatocin Adjamé don ki zubar da shekara guda saboda ni ba. Matan ƙauyen da ke zuwa haihuwa wurinki, wa kika bar wa su? Ki je ki karɓo takardarki.

Na sa Rakiya ta karanta min abin da ta rubuta miki daga asibiti. Da ƙyar ta yarda. Na ce mata bakinta ya yi kaifi, irin nawa ne. Ke kin yi gaggawar rubutu, ita ta yi gaggawar zubarwa, duk don ni kuka yi. Ban yarda wata ta ƙara tayar da zancen ba.

Awonki kuma an yi. Likitar nan ta zo ta zauna a bakin gadona, ta ce, "Mama, kin tsallake babba, kada ƙarami ya ba ki tsoro." Na ce in dai ita za ta tsaya a wurin, to. Ashe abin banza ne. Ko ɗankwali ban cire ba, sarƙa kawai da maɓallin ƙarfe. Na kwanta, wani hannun ƙarfe ya wuce ta samana yana ƙara a hankali, ban gama istigfari ba aka ce in tashi. Na ce, "Shi ke nan?" Yarinyar da ke aikin ta yi dariya.

Sakamakon dai bai yi daɗi ba. Ta ce ƙashin ya yi rauni sosai, kuma a hoton baya sun ga ƙasusuwa guda biyu sun riga sun lotsa, shi ne ciwon da nake ji in na yi ruku'u. Ƙugu kuwa lafiya yake har yanzu, ta ce shi za mu tsare. Ba sankara ba ce, na tambaye ta sau uku. Ƙwayoyin nan an mayar min da su ta hannunta, tana ragewa a hankali. An ƙara min wata da zan sha sau ɗaya a mako da sassafe da kofin ruwa cike, in zauna a miƙe ban kwanta ba, kamar mai jiran baƙo. An ce in sha nono, in ci ƙananan kifi da ƙayarsu, in zauna a rana da safe, in riƙa takawa.

Abin da ya yi min zafi shi ne an hana ni ɗaga dilar atamfa har abada. Na yi kuka a kan wannan, ba zan ɓoye miki ba. Tun ina da ƙarfina nake ɗora ta a kai in hau matakalar nan ban nemi kowa ba. Yanzu sai dai in zauna a kujera in nuna da baki. To, bakin dai yana nan.

Ga aikin da zan ba ki maimakon tafiyar. Uwarki Halima shekara uku kawai na ba ta, kuma ta fi ni rama. Ranar da kika samu hutu ki zaunar da ita ki yi mata tambayoyin nan da kika aiko aka yi min, dukkansu, har da mai kunyar. Ki ɗaga matashinta ki duba. In awon sai an je Niamey, ki kai ta. In ta ce ba ta zuwa, ki ce yayarta ce ta ce, kuma ni na riga ta kwanciya a gadon, ban mutu ba.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki,
Bilki

Laila, ni ce yanzu, Inna ta tashi alwala ba ta san ina ƙarawa ba. Na ga saƙonki ya yanke babu sallama, na gani da idona, amma ban jira ba. Da hannuna na juye su a kwata. Na ɗora miki duka saboda ban iya ɗauka ni kaɗai ba. Ki yafe min. Kada ki hau motar nan. Amma ki rubuto ko layi ɗaya ne, wayar tana hannuna.

Yayarki,
Rakiya